Dokar Ƙarfe Goma da Na Kafa a Ɗakin Awo

Shekarun baya can, tun ina iya zama a bayan babur awa biyu ƙuguna bai ce komai ba, aka tura ni aiki wani ƙaramin asibiti a wani ƙauye gaba da Doguwa. Ni 'yar Bebeji ce, a can na tashi, a can aka yi min aure, kuma in ban da zaman makaranta ban taɓa yin nisa da gida ba. Maigidana yana aiki a Kano, yarana biyu kuma na bar su wurin mahaifiyata. Aka ba ni ɗaki ɗaya a bayan asibitin, da katifa da risho da taga mai kallon dutse. Sai ƙarshen wata nake zuwa gida, shi ma in hanya ta yarda.

Mu huɗu ne ma'aikata, amma sauran ukun a Doguwa suke kwana, ana yin azahar za su hau babura su tafi. Wanda yake rage min sai wani dattijo ɗan garin, shi ne mai gadi, shi ne kuma mai karɓar kati a ƙofa. Baba muke ce masa. Ni aka damƙa wa ɗakin awon ciki.

Abin da na tarar a ɗakin nan ya ɓata min rai tun makon farko. Mace za ta zo tun da sassafe ta zauna a benci da cikinta, sai rana ta ɗaga sosai matar wani mai faɗa a ji ta shigo tana ƙamshi, a tsallake kowa a shigar da ita. Wata kuma sai na wanke kayan aiki na rufe, sannan ta turo a ce min ga ta nan tafe. Ni kuwa a lokacin jinina yana tafasa, ga sabuwar takarda a hannu, ina ganin ni aka aiko in gyara duniya. Na samo kwali na rubuta da manyan baƙaƙe: ana karɓar katin awo daga ƙarfe takwas zuwa goma, wadda ta zo bayan goma sai wani makon. A ƙasa na ƙara cewa doka ce ta kowa da kowa, har na ja layi biyu a ƙarƙashinta. Na manna a ƙofa, na kira Baba.

Na ce, “Baba, goma tana yi ka rufe. Ko mahaifiyata ce ta zo, ka ce mata sai wani makon.”

Ya kalli kwalin, ya kalle ni, ya ce, “To, Malama. Allah ya ba mu ikon bi.”

Ba a yi mako biyu ba aka gwada ni. Matar wani babban mutum a garin ta iso goma da minti ashirin. Baba ya leƙo yana raɗa min ko wace ce. Na fito da kaina, na gaishe ta da ladabi, na nuna mata kwalin. Ta juya ta tafi. Kafin magariba labari ya zaga gari. Matan da suka saba shan zaman benci suka ji daɗi, amma daga nesa. Manyan gidaje kuwa suka ɗauke min ƙafa. Tuwon da ake aiko min ranar Juma'a ya tsaya, aka daina gaya min suna da biki. In na fita sayen kayan miya a gaishe ni a taƙaice a wuce. Abin ya dame ni, amma a can cikin raina har wani daɗi nake ji. Ina ce wa kaina ai haka ake yi wa masu gaskiya. In na tuna yadda nake tafiya a lokacin, kai a sama kamar wata alƙaliya, dariya nake yi wa kaina, dariyar da ba ta da daɗi.

Mutum ɗaya ce take zama da ni, wata mata mai tallar nono daga rugagen bayan dutse. Ta girme ni da kusan shekara goma sha biyar, ina ce mata Adda, wato yaya da Fulatanci, tana ce min Malama. Bayan azahar, in ta gama zaga gari, sai ta biyo ta asibiti ta sauke ƙwaryarta a baranda, ta buɗe faifai ta zuba min kindirmon da ta rage min. Daga nan sai hira. Ta ba ni labarin saniyar da ta ƙi yarda kowa ya tatse ta sai ita, da shekarar da suka yi a wajen Tiga suna shayar da shanu a bakin ruwa. Ta yi ta yi min dariya ranar da ta gano ina tsoron shanu. Duk 'ya'yanta tana kiran sunansu ban da babbar, wadda aka aurar a rugar da take kusa da tasu. Ita sai dai ta ce “waccan”. Ban yi mamaki ba, don ko mahaifiyata ba ta faɗin sunan yayana. Kwanaki da yawa, in ka cire maganar aiki, da Adda kaɗai nake buɗe baki in yi magana.

Wata rana muna zaune ta nuna ƙofar da haɓa, ta ce, “Malama, wannan takardar me take cewa?”

Na karanta mata, har da layin ƙasa, ina wani gyara murya.

Ta ce, “Goman nan, rana tana ina?”

Na ɗaga hannu na nuna mata.

Ta ce, “Mu a lokacin ba mu daɗe da gama tatsa ba.”

Na ce, “Ai sai a riƙa sammako, Adda. Kowa haka yake yi. Kin ga har matar wane na mayar.”

Ta ce, “Haka ne. Na ji labari.” Ta rufe ƙwaryarta, muka shiga wata hirar. Wallahi ban kawo komai a raina ba. Na ɗauka tambaya ce irin ta mai son sanin abin da aka rubuta.

Da damina ta yi nisa sai Adda ta daina zuwa. Kwana uku na ce ruwa ne ya hana ta. Mako ya cika, na shiga na biyu. Abokan aiki su tafi, asibiti ya yi tsit, in zauna a baranda ina kallon hanyar da take ɓullowa, har la'asar ta yi in tashi. Ban san yadda na saba da ita ba sai a lokacin. Ranar da na kasa haƙuri na tambayi Baba.

Ya ce, “Au, ba ki ji ba? Ai an yi musu rashi. 'Yarta ce ta haihu, ɗan bai zo da rai ba.”

Ranar Asabar na shirya da safe, na sayi sabulu da sukari, na ɗauki ɗan acaɓa. Ya kai ni inda babur yake iya kaiwa, ya nuna min wata siririyar hanya ya ce in bi ta, zai jira ni a gindin wata ɗorawa. Na bi ta cikin gonakin masara, na naɗe zani na tsallake rafi ruwa har gwiwa, na hau tudu na sauka. Ni da ba ni da ciki, ba ni da kaya a ka, kuma babur ya rage min rabin hanya, sai da na zauna sau biyu ina haki. Da na hango bukkokin na duba agogo, goma ta wuce.

Adda ta fito ta tare ni, ta shimfiɗa min tabarma a inuwa. Muka gaisa, na yi mata gaisuwar rashi, na tambayi mai jiki. Ta ce da sauƙi. Ta ce jijjigar masu ciki ce ta kama ta ana saura 'yan makonni, aka ɗauke ta a babur an riƙe ta a tsakiya har bakin titi, daga nan mota ta kai su Tudun Wada. Aka samu ita, ba a samu ɗan ba.

Da na ji kalmar jijjiga sai ma'aikaciyar da take cikina ta tashi. Na ce, “Haba Adda! Ƙafarta ba ta kumbura ba? Ba ta ciwon kai? Me ya sa ba ta zo awo ba? Ga ni zaune kullum, awon jini minti biyu ne.”

Ta kalli ƙasa, tana wasa da bakin tabarma. Sannan ta ce, “Ta je, Malama.”

“Ta je ina?”

“Wurinku. Sau uku.”

Ta faɗa min a hankali, ba da faɗa ba. Zuwan farko, sai da yarinyar ta gama tatsa, don surukarta ta tsufa, babu mai yi sai ita. Ta isa an rufe. Mako na biyu ta roƙi maƙwabciya ta tatsar mata, ta fita da wuri, sai ta tarar rafi ya kawo, ta zauna a bakinsa har ya sauka. Ta isa an rufe. Na uku ta fita tun gari bai gama wayewa ba, amma ƙafafun sun yi nauyi, tana tafiya tana hutawa. Dattijon ƙofa ya ce mata kaɗan ta makara, ya ba ta haƙuri, ya ce Malama ba ta ɗaga wa kowa ƙafa, ko matar manya ce. Daga ranar ta ce ba za ta ƙara wahalar da kanta ba.

Duk ranakun nan uku ina cikin ɗakin, tsakanina da ita bango ɗaya. Kuma a ranakun nan, bayan azahar, uwarta tana zaune a barandata tana zuba min nono.

Na ce, “Adda, don Allah me ya hana ki gaya min? Da kin ce min 'yata ce, da ko ƙarfe nawa ne zan duba ta.”

Ta ce, “Yaya zan buɗe baki in yi maganar cikin waccan? Kuma ai na tambaye ki, kin karanta min. Kin ce ta kowa da kowa ce. Tunda ta kowa ce, ni wace ce da zan ce ki karya?”

Mijin Adda ya zo ya tsaya daga nesa muka gaisa, ya yi min godiyar tahowa, ya ce abin da Allah ya rubuta ba ya wuce lokacinsa. Na roƙa a kai ni in ga mai jegon. Adda ta raka ni rugar, na sunkuya na shiga bukkar. Tana kwance a kan gadon kara ta juya baya, ta lulluɓe kanta da zani. Na yi mata sannu, ta amsa can ƙasa. Na ce ta ba ni hannu in auna, ta miƙo shi ta baya ba ta juyo ba. Na auna, na gaya wa Adda yadda za a ci gaba da ba ta maganin da aka sallame su da shi, na fito. Da zan tafi suka cika min ƙaramar ƙwarya da man shanu. Na ce a bar shi, Adda ta ce baƙo ba ya fita hannu sake a gidansu. Da ma zagina suka yi, da tafiyar komawa ta fi min sauƙi.

Ranar Litinin na tare Baba. Raina a ɓace yake, ina neman wanda zan ɗora wa. Na ce, “Baba, mace da kumburarrun ƙafafu ta zo har sau uku, ka kasa leƙowa ka gaya min?”

Ya cire hularsa ya riƙe. Ya ce, “Malama, ke kika ce ko mahaifiyarki ce. Ranar da na leƙo saboda matar wane, kin tuna kallon da kika yi min?”

Na tuna. Na sassauta murya na ce, “Mutum nawa kake mayarwa?”

Ya ce, “Duk mako ba a rasa ba. Kuma in gaya miki gaskiya, kusan duk matan ruga ne. Matan gari wadda ta fi nisa tafiyar minti goma ce, in ta makara ganin damarta ne. Waɗancan kuwa yanzu ma sun rage zuwa.”

Na shiga na ɗauko rajistar awo, na bi layin da ake rubuta inda mace ta fito. Kafin zuwana, kowane shafi za ka ga ruga kaza, ruga kaza, a tsakanin unguwannin gari. Na yi ta buɗawa har na zo watan da na manna kwalina. Daga nan suka fara ɓacewa, har na zo shafukan da babu ko ɗaya. Da hannuna na cike shafukan nan, ina murna layi ya daidaita, aiki yana ƙarewa da wuri, ban taɓa lura da waɗanda babu ba.

Waya ba ta kamawa a garin sai an hau wani fallen dutse a bayan asibiti. Da la'asar na hau na kira yayana, wanda ya karanci shari'a. Ba shawara nake nema ba, so nake wani ya ce min ba laifina ba ne. Na zayyana masa komai, na ƙare da cewa, “Yaya, ni fa ban ware kowa ba. Ban rubuta Bahaushe ko Bafulatani ba. Doka ɗaya na yi wa kowa.”

Ya ce, “Na yarda ba ki nufi kowa ba. Amma gaya min, wa dokar take mayarwa gida?”



Ya ce a wurinsu masu shari'a, wariya ba sai an ambaci sunan mutane ba. Ana iya rubuta ƙa'ida da babu sunan kowa a ciki, amma in aka zo aiki da ita sai a ga jama'a ɗaya take faɗa wa kullum, saboda inda suke zaune ko yadda rayuwarsu take. Ya ce dokar ƙasa ba rubutun kaɗai take dubawa ba, tana duba abin da yake faruwa in an aiwatar. Sai kuma a tambayi mai ƙa'idar ko akwai wata hanyar da zai cimma abin da yake so ba tare da ya rufe wa waɗannan ƙofa ba.

Ya ce, “Ke me kike so ki hana?”

Na ce, “Tsallake layi.”

“To ƙarfe goma ne yake hana tsallake layi, ko bin layi?”

Na ce masa katina ya kusa ƙarewa, na kashe. Ƙarya nake yi. Na zauna a kan dutsen har aka kira magariba, ga garin a ƙasa hayaƙi yana tashi daga gidaje, babu gida ɗaya da zan iya shiga in faɗi abin da yake raina.

Washegari na ɓalle kwalin. Na ce duk wadda ta zo a ba ta lamba, a bi lamba, ko ƙarfe nawa ne. Ranar kasuwa kuma, tunda ranar ce matan ruga suke shigowa da yawa, na ce zan zauna awo har la'asar. Na zaci za a yaba min. Wani abokin aikina ya ce, “Ke da kika zo da doka ɗaya ga kowa, yanzu kin ware wa wasu lokacinsu na musamman. Wannan ba shi ne son kan ba?” Suka ce su dai azahar tana yi za su tafi. A gari kuma aka ce ashe Malamar tana lanƙwasuwa, ta dai zaɓi waɗanda za ta lanƙwasa wa ne. Waɗanda suka ji haushina da farko ba su huce ba, waɗanda suka yaba min suka koma gefe.

Ranar kasuwa ta farko na zauna har la'asar, ko mace ɗaya ba ta zo ba. Ta biyu ma haka. Labari ya riga ya zaga rugage cewa asibitin nan kora yake yi, kuma babu kwalin da zan rubuta ya je ya gaya musu na canza. A mako na uku na saka abin awon jini a jaka, na tafi gindin bishiyar da masu nono suke zama a kasuwa. Na tsuguna na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, na ce ni ce mai ƙarfe goma, na zo in ce na yi kuskure. Suka kalli juna, wata ta rufe baki tana dariya. Wata tsohuwa ta miƙo min hannu ta ce in fara da ita, ko da yake ita ta wuce haihuwa. Na auna ta a nan cikin kasuwa. Mako na gaba mata biyu suka zo, suka tsaya a bakin ƙofa suna tambayar Baba ko da gaske ne. Kafin in bar garin, bencin yamma yana cika.

Adda ta dawo talla sau biyu ko uku, muka gaisa da mutunci, ta zuba min nono, amma ba ta sauke ƙwarya ta zauna ba, ni ma ban iya cewa ta zauna ba. Da aka yi girbi sai na ji sun tashi da shanunsu sun yi kudu. Ba mu yi sallama ba.

Ba zan ce da an auna yarinyar nan da ɗanta ya rayu ba, wannan sanin Allah ne. Abin da na sani shi ne ta yi nata, ta tako har ƙofata sau uku, kuma abin da ya mayar da ita ba ƙiyayya ba ce. Babu wanda ya tsane ta a asibitin nan. Baba har haƙuri ya ba ta. Da wani ya ce kada a duba matan ruga, da ni ce ta farko da za ta tashi ta yi faɗa. Amma da na rubuta ƙarfe goma, sai na kwana lafiya ina ganin na yi adalci, saboda na auna dokar da tafiyar da ni nake yi daga ɗakina zuwa ɗakin awo, taku ashirin.

Yanzu na manyanta a aikin, har ni ake kira in an zo tsara ƙa'idoji. In aka karanto wata aka ce ai ta kowa ce, sai in ce a dakata, a gaya min wa zai fi shan wuyar cika ta, daga ina zai taho, me zai bari a gida. Yaran ma'aikata suna cewa Hajiya ta cika ja da magana. Ba na ba su wannan labarin, yau ne ma na fara ba da shi a fili.

Abin da ya fi tsaya min har yau shi ne ban san fuskar yarinyar ba. Hannunta kawai na riƙe. Wataƙila ta sake haihuwa, wataƙila ma ta taɓa zama a gabana a wani asibitin na duba ta na sallame ta. Ita za ta gane ni. Ni ba zan gane ta ba.